Mai Hoton Unguwa ko Kamfanin Hoto? Abin da Ango da Amarya Za Su Duba Kafin Ranar Biki

Ɗaurin aure a ƙasar Hausa ba ya cin lokaci. Daga sa'ad da wakilin ango ya nemi aure, waliyyin amarya ya bayar, aka ambaci sadaki a gaban shaidu, aka shafa fatiha, da wuya a cinye minti 15, kuma babu wanda zai iya tunkarar dattawa ya ce su maimaita siga saboda mai hoto bai gama ɗaura fitilarsa ba. Haka kamu yake, haka buɗar kai, haka ɗan lokacin nan da uwa take yi wa 'yarta nasiha kafin a fita da ita daga gida. Duk abin da ya wuce mai hoto a waɗannan wurare ya wuce ke nan. Saboda haka kyawun hotunan biki ko lalacewarsu tun makonni kafin ranar yake farawa, kuma a cikin waɗannan makonnin ne ango da amarya za su iya gane irin mutumin da suka ɗauka, tun suna da damar canza shi.

Na sha zama wanda ake turawa ya yi ciniki da masu hoto a bukukuwan gidanmu a Kano, kuma kusan kullum zaɓin yakan tsaya tsakanin iri biyu. Na farko shi ne mai hoton unguwa, wanda yake da ɗan shagonsa a bakin titi, yana ɗaukar fasfo da hoton sallah a ranakun da babu biki, shi ne mai riƙe kyamara, shi ne mai gyara hoto a kwamfuta, wani lokaci da yaro guda mai riƙe masa fitila. Na biyu shi ne kamfanin hoto mai situdiyo da ma'aikata da shafi a Instagram, wanda yake sayar da aikinsa hawa-hawa, daga ƙaramin tsari har zuwa babba mai haɗe da bidiyo da albam da jirgin ɗaukar hoto daga sama. Akwai kuma matasa masu zaman kansu waɗanda wayarsu ce shagonsu. A yawancin abin da zan faɗa hukuncinsu ɗaya ne da na mai hoton unguwa, illa dai su ba a san inda za a same su ba idan magana ta taso, don haka kafin a ba su ko sisi a nemi wanda ya san gidansu.

Abu na farko da ya kamata a samu daga kowannensu shi ne zama ido da ido, ba saƙon WhatsApp mai ɗauke da jerin farashi ba. A wannan zaman mai hoton unguwa yana da wani fifiko da kuɗi ba ya saye. Sau da yawa ya san gidan, ya san wane ne baffan amarya da wace ce gwaggon da ta riƙe ta, ya san cewa a gidan malamai ba a ɗaga kyamara a fuskar mai gida sai an nemi izini, ya kuma san ta wace ƙofa za a fito da amarya ba tare da an gaya masa ba. Amma rauninsa ma daga wannan sanin yake tasowa, domin sabo yana hana shi tambaya. Zai ce muku kada ku damu, ai bikinsu ne, ya tashi bai rubuta komai ba, sai ranar ta zo a tarar ya ɗauka walimar da yamma ce alhali da safe aka sa ta. Kamfani kuwa yakan zo da takarda ko waya a hannu yana cike gurabe: taro nawa ne, a ina, ƙarfe nawa, mutum nawa ake sa ran zuwansu. Wannan abu ne mai kyau, sai dai tambayoyin nasu galibi a kan liyafar dare aka gina su, wato shigowar ango da amarya da yanka kek da rawa, kuma mai yiwuwa ne ba za su tambayi yadda gidanku yake yin kamu ba, ko wa yake sayen baki, ko idan amaryar Babarbariya ce za a yi wushe-wushe. Wanda ya cancanci aikin, ko daga wane ɓangare yake, shi ne wanda tambayarsa ta fi bayaninsa yawa. Ya tambayi waɗanne taruka ne na mata zalla, wa da wa ba sa son a ɗauke su, akwai tsoho ko tsohuwar da ba za ta iya tsayuwa ba a fara da ita, da kuma sunan mutum guda a kowane gida wanda zai riƙa tuntuɓa, tun da amarya da ango ba sa iya amsa waya a ranar.

Bayan zama sai ganin aiki. Abin da ake sakawa a Instagram zaɓaɓɓu ne daga cikin dubbai, kuma yawanci na amaren da suka sha kwalliya ne a cikin ɗakin da aka tsara haskensa. Ku nemi a nuna muku biki guda cikakke, daga kamu har kai amarya. A nan ne za ku ga ko fuskokin dattawa sun fito a ƙofar masallaci, ko aikin da ke wuyan farar babbar riga ya bayyana ko kuwa rigar ta koma fari fat babu zare ko ɗaya, ko hoton dangi ya ɗauke kowa ko an yanke kan na gefe. Ku dubi launin fata da kyau. Wasu masu gyaran hoto, musamman a manyan situdiyo inda wanda ya ɗauka daban wanda yake gyarawa daban, sukan goge fuskar amarya su haskaka ta har kakarta ta kasa gane ta, kuma idan ba a hana tun farko ba haka za a buga albam ɗin. Mai hoton unguwa ya fi barin mutane da kamanninsu, ko da yake wani lokaci ƙarancin gyara ne ya jawo haka, hotunan su fito da duhu ko da jan ido. Akwai kuma abin lura a cikin nunin kansa. Mutumin da ya zaro waya ya buɗe muku hotunan lallen matar wani babu ko ɗar, ba tare da ya ce masu bikin sun yarda a nuna ba, ku sani cewa naku ma haka zai buɗe wa na bayanku. Ku tambaye shi kai tsaye ko ya nemi izini, ku kuma lura da yadda zai amsa.

Wannan ya kawo ni ga batun da nake ganin ya fi kowanne nauyi a bikin Bahaushe, wato wanda zai shiga cikin mata. Sa lalle da kamu da yinin biki a gidaje da yawa taron mata ne, inda iyaye da matan aure suke sakin mayafi su sake, domin sun san babu namiji baƙo. A bikin ƙanwata mun yi magana da wani kamfani, suka amsa mana da baki cewa za su turo mace ranar kamu. Da ranar ta zo sai ga samari biyu da jakunkuna a ƙofar gida, suka ce ma'aikaciyar tasu tana wani bikin. Iyayenmu mata suka ce ba za su shiga ba, kuma gaskiyarsu ce. Har yau hotunan kamun ƙanwata waɗanda ƙawayenta suka ɗauka da waya ne kaɗai muke da su, kuma mahaifiyar babanmu da ta zauna kusa da ita a ranar ta rasu bayan 'yan watanni. Abin yana yi mini ciwo duk sa'ad da na tuna, domin magana ɗaya a rubuce da ta hana faruwarsa.

A kan wannan batu kamfani ya fi samun damar cika alkawari, saboda mata masu ɗaukar hoto suna ƙaruwa a Kano da Kaduna da Abuja, kuma kamfanoni da dama suna da su ko suna iya ɗauko su. Mai hoton unguwa shi kaɗai ne, namiji ne a mafi yawan lokuta, abin da zai iya yi shi ne ya tsaya a soro a fito masa da amarya da ƙawayenta na ɗan lokaci, ko kuwa gidan su yarda ya shiga saboda sun san shi tun yana yaro. Wasu gidajen sun gamsu da haka, wasu kuma sam. Amma samun dama daban, cika alkawari daban. Idan kamfani ya ce zai turo mace, a rubuta sunanta a takardar yarjejeniya, amarya ta yi magana da ita a waya kafin ranar, sannan a yi tambayar da mutane suke mantawa da ita: wa zai zauna a gaban kwamfuta ya tace hotunan? Babu amfanin mace ta ɗauka idan samari uku ne za su yi kwana biyu suna kallon hotunan a situdiyo.

Ko a wajen taron maza, tambayar wanda zai zo tana nan. A lokutan da aure yake yawa, kamar watan Sha'aban kafin azumi, da makonnin bayan sallah, da ƙarshen Disamba, kamfani yakan karɓi biki fiye da ɗaya a rana guda ya rarraba ma'aikatansa, har ya ɗauko na haya daga waje. Mai yiwuwa wanda hotunansa suka burge ku a shafinsu ba shi za ku gani ba. Mai hoton unguwa shi ɗin dai za ku gani, sai dai shi ma yakan karɓi ɗaurin aure biyu a Asabar guda, ɗaya ƙarfe 10 ɗaya ƙarfe 11, yana dogaro da babur ɗinsa da kuma jinkirin mutane. Idan kuma zazzaɓi ya kwantar da shi babu madadi. Ku tambayi kowannensu aiki nawa ya karɓa a ranar, da wanda zai maye gurbinsa idan larura ta faru.

Mai hoton da ya san aikinsa zai so ya ga wuraren taron kafin ranar, ko aƙalla ya tambayi lokaci da yanayinsu dalla-dalla. Ɗaurin auren da ake yi bayan sallar Juma'a yana faɗawa a lokacin da rana take tsaka, hasken yana saukowa daga sama, hula da rawani su jefa inuwa a ido, farar shadda kuma ta riƙa ƙyalli. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake kai maki 40 a ma'aunin Salshiyas, ba mai iya tsayar da dattawa a rana ana jera su, don haka dole ya san inda rumfa ko inuwar bishiya take tun kafin a idar da salla. A hunturu hazo yana tausasa haske, abin da yake yi wa fuska kyau, amma ƙura tana shiga kyamara idan ana canza gilashin gabanta a fili. A watan Agusta kuwa, wanda ya fi kowane wata ruwa, duk wani shiri na waje yana buƙatar wurin fakewa. Ɗakunan taro suna da tasu matsalar: fitilu masu launin shuɗi da ja da masu ado suke sakawa suna rina fuska, wasu fitilun LED masu araha kuma suna sa layi-layi a bidiyo, musamman idan an koma kan janareta. Kamfanin da ya saba aiki a manyan ɗakunan taro ya san waɗannan, yana zuwa da fitilunsa masu batir, yana kuma iya magana da mai ado tun ana kafa kaya. Mai hoton unguwa ya fi ƙwarewa a tsakar gida da ƙofar masallaci da ƙuntataccen ɗakin amarya inda babu wurin kafa ƙafar fitila. Inda bikinku zai fi gudana, shi zai nuna muku wanda ƙwarewarsa ta dace da ku.

Game da kayan aiki ba sai kun zama masana ba, tambaya biyu ta isa. Ta farko, kyamara nawa zai zo da ita, domin guda ɗaya tana iya tsayawa ana tsakiyar taro. Ta biyu, ko kyamararsa tana ajiye hoto a katin memori biyu a lokaci guda. Irin su Sony A7 III da Canon 5D Mark IV da Nikon D750 suna da gurbin kati biyu, yayin da wasu kamar Canon EOS RP gurbi ɗaya gare su, idan katin ya lalace bikin ya tafi da shi. Kamfanoni sun fi mallakar irin waɗannan kaya, amma na ga masu shago guda da suka fi su kula, waɗanda ba sa kwanciya sai sun kwafe aikin ranar a wuri biyu. Jirgin ɗaukar hoto daga sama kuwa, wanda ake ƙara kuɗi mai yawa saboda shi, a ganina amfaninsa kaɗan ne a bikin da mafi yawansa a cikin gida da ɗakin taro yake. Ga shi kuma tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta sanar cewa ba a tayar da shi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. A unguwannin cikin birni inda gidaje suke manne da juna, tashinsa yana nufin leƙa tsakar gidan maƙwabta, kuma wannan kaɗai ya isa a haƙura da shi.

Sai maganar kuɗi da rubutu. Kusan kowane mai hoto zai nemi kafin alƙalami domin ya riƙe muku ranar, kuma wannan daidai ne, tun da zai mayar da wasu saboda ku. Abin da bai kamata ba shi ne a biya duka kafin a karɓi aiki, saboda bayan biki ba ku da sauran abin riƙe shi da shi, kuma jiran albam na wata da watanni yawanci daga nan yake farawa. Kamfani yakan ba da rasit da takardar sharuɗɗa ba tare da an roƙa ba. Da mai hoton unguwa kuwa kunya ce take shiga tsakani, a ga kamar neman rubutu rashin yarda ne ga mutumin da ake salla sahu ɗaya da shi. Ban ga abin kunya a nan ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi mai ajali ta sauka, kuma wanda ya karɓi kuɗinku yau zai kawo aiki bayan wata guda, akwai nauyinku a kansa har sai ya kawo. Ko a saƙon waya ne a rubuta, kowa ya amsa: ranaku da wurare da lokutan taruka, ƙarfe nawa zai iso da ƙarfe nawa zai tashi, abin da za a ƙara masa idan taro ya zarce, wa zai ɗauki kuɗin mota da masauki idan za a kai amarya wani gari, hoto nawa za a gyara, albam mai shafi nawa, firem nawa, ranar da za a karɓa, da abin da zai faru da kafin alƙalamin idan an ɗaga biki saboda rasuwa ko wata larura. A kuma faɗi yadda za a miƙa hotunan. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci idan an tura shi yadda aka saba, ya yi kyau a waya amma ya farfashe idan aka zo buga babban firem, don haka a nemi cikakkun hotunan a filasha ko ta Google Drive.

Cikin takardar kamfani akwai layin da ya kamata a karanta sau biyu, wanda yake ba su izinin tallata aikinsu da hotunanku. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar asalin mallakar hoto a hannun wanda ya ɗauka, amma ta ba wanda ya sa a ɗauka domin amfanin kansa da iyalinsa damar yin amfani da shi ba don kasuwanci ba, da kuma ikon hana a yaɗa shi ga jama'a, sai fa idan an yi yarjejeniyar da ta saɓa wa haka. Ma'ana, hannun da kuka sa a takardar da ba ku karanta ba yana iya sarayar da kariyar da doka ta ba ku. Kamfanoni ta Instagram suke samun ciniki, don haka su ne suka fi matsuwa su saka amarya tun kafin ta isa ɗakinta, daga nan kuma shafukan bukukuwa su kwashe, mutanen da ba su san ta ba su yi ta tofa albarkacin bakinsu a kan jikinta da kayanta. Mai hoton unguwa tallarsa ba ta wuce ya manna hoton a gilashin shagonsa ba, amma wannan ma kowa a unguwar zai gani. Akwai kuma batun liƙi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira a wajen biki da taka ta, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata 6 ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba ko duka biyun, kuma a 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da mutane a kotu a kan bidiyon liƙin da suka yaɗu a intanet. Bidiyon da aka saka don talla yana iya jefa baƙonku cikin abin da bai zata ba. Ku faɗa tun farko, a rubuce, cewa ba a saka komai sai kun gani kun yarda.

Zaɓi na gaba shi ne hoton kafin aure, wanda kamfanoni suke haɗawa cikin tsarinsu kamar wani abu na dole. Masu yinsa suna da hujjoji na gaske. Kalanda da jakunkuna da littattafan rubutu da sitikar da ake mannawa a kayan rabo duk suna buƙatar hoto makonni kafin biki domin a kai wa masu bugawa. Zaman kuma yana sa ango da amarya su saba da kyamara, mai hoto ya gane ɓangaren da fuskar kowa ta fi fita, amarya ta gwada mai kwalliyarta da mai ɗaurin ɗankwalinta tun da sauran lokacin canzawa. A ɗaya gefen, kafin a shafa fatiha su biyun ba miji da mata ba ne, kuma irin tsayuwar da masu hoto suke sa mutane, ta riƙe hannu da jingina da kafaɗa, malamai sun sha yin magana a kanta, iyaye da yawa kuma ba sa so ko da sun yi kawaici. Bayan haka, ba kowace rana da aka sa ake kaiwa ba. Idan aka fasa, kayan lefe suna komawa, amma hoton da ya shiga wayoyin mutane ba ya dawowa, kuma yarinyar ce take ɗaukar mafi yawan nauyinsa. Ko an yi auren lafiya, ku tuna cewa jakar da take ɗauke da fuskar amarya a kasuwa za ta ƙare ana zuba mata kayan miya.

Ni dai na fi karkata ga a yi wannan zaman bayan ɗaurin aure. Gidajen da suke ɗaura aure ranar Juma'a su yi liyafa ranar Asabar suna da yammacin Juma'ar, daga bayan la'asar zuwa dab da magariba, lokacin da hasken rana yake laushi, lallen amarya kuma yana nan sabo. Waɗanda suke ɗaura aure a bar tarewa sai bayan wasu makonni sun fi kowa samun sarari, har kayan rabon ma za su iya bugawa da hoton. Ga sauran, kayan rabo suna iya ɗaukar suna da kwanan wata kawai, gwajin kwalliya kuma amarya ta yi shi ita kaɗai ko da ƙawayenta. Mai hoton kirki zai kawo muku waɗannan hanyoyin da kansa idan ya ga kuna ɗari-ɗari. Wanda ya dage sai an yi, ko ya ƙi rage kuɗin idan an cire shi daga tsari, shafinsa yake yi wa aiki.

Idan za a yi, situdiyo ya fi sirri da sanyi da sauƙin canza kaya, kuma nan kamfani ya yi wa mai shago nisa, domin ɗan shagon fasfo ba ya ɗaukar doguwar riga mai jan ƙasa. Fita waje tana ba hoto asali, musamman ga masu sa alkyabba ko saƙi ko kayan Fulani, kuma wurare irin su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da marinar Ƙofar Mata a Kano, ko gindin Hasumiyar Gobarau a Katsina, ko Millennium Park a Abuja, duk suna da kyau a hoto. Sai dai wuraren tarihi suna da masu kula da su, kuma aikin mai hoto ne ya je ya nemi izini ya san ƙa'idarsu kafin ranar, ba a zo da amarya cikin kwalliya a tsaya ana ciniki da mai gadi 'yan kallo suna taruwa ba.

Idan aka haɗa duka, bikin da yawancinsa a gida da masallaci za a yi, mai taro biyu ko uku, a gidan da ya yarda da mutumin ya shiga ko ya gamsu da hoton soro, mai hoton unguwa ya ishe shi, da sharaɗin a zaunar da shi a rubuta komai, a kuma tabbatar ba shi da wani bikin a wannan lokacin. Bikin da yake da liyafa a ɗakin taro, ko taruka biyu da suke haɗuwa a lokaci guda, kamar walimar maza a wani wuri da yinin mata a wani, ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kamfani ya kamata a nema, a kuma tsaya a kan sunayen waɗanda za su zo da batun yaɗa hotuna. Akwai hanya ta uku da muka koma bi a gidanmu tun bayan abin da ya faru a bikin ƙanwata: mu ba mai hoton unguwarmu ɗaurin aure da walima, mu ɗauki mace mai zaman kanta ta yi lalle da kamu da kai amarya, ita ce kuma take gyara nata hotunan ta miƙa wa amarya hannu da hannu. Launin hotunan biyu ba ya zama iri ɗaya a albam, wannan kuwa mun yarda da shi.

Ko wanne aka ɗauka, ana saura mako guda ya kamata ya kira da kansa ya sake tabbatar da lokuta da wurare, domin jadawalin biki yana canzawa har daren ƙarshe. Idan bai kira ba ku kira shi. A wannan kiran ne za ku ba shi jerin hotunan da ba ku yarda a rasa ba, da sunaye: amarya da mahaifiyarta, amarya da kakanninta, ango da waliyyin da ya ba shi aure, yayyen da suka zo daga nesa. Ku kuma haɗa shi da mutum guda daga dangin ango da mace guda daga dangin amarya, waɗanda suka san fuskoki kuma ake jin maganarsu, su riƙa kirawo masa mutane ɗaya bayan ɗaya, a fara da tsofaffi kafin su gaji su koma ɗaki.